Gwanin Yayana Ya Mari Maigadi

Goggo mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, abin ya tsaya mini a wuya.

Takalma nake sayarwa, shagon ni da yayana ne, Allah ya ji ƙansa. Yaya yana da gwani ɗaya a duniya, attajirin nan mai kamfanin motocin sufuri da ake yawan nunawa a talabijin. Bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma "mutumina" yake ce masa. Kullum da safe yana karkaɗe takalma yana ba ni labarin yadda mutumin ya fara: yau da baro, gobe da kwandon lemo, jibi da keken aro. In na ce jiya ba haka ka faɗa ba, sai ya jefe ni da silifa. Tun rasuwarsa ba na canja tasha in an nuno attajirin, sai in ji kamar Yaya ya leƙa bayan shago ne zai dawo.

To kwanan nan bidiyo ya fito. Ga shi nan ya sharara wa wani tsoho maigadinsa mari, wai ya yi jinkirin buɗe ƙofa. Tsohon ya haife shi, Goggo. Hularsa ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, har yana ba da haƙuri. Maƙwabtan shago sun sa ni gaba, mai jakunkuna kullum sai ya tambaye ni ya hannun mutumin namu.

Damuwar ita ce 'yar Yaya, da ke hannuna. An ce su yi jawabi a makaranta kan wanda suke koyi da shi, ta zaɓi attajirin, don shi babanta ke so. Ba ta ga bidiyon ba. In na nuna mata, kamar na ce babanta bai san mutane ba. In na yi shiru, ƙawayenta za su yi mata dariya a gaban aji. Kuma ni kaina ba na son rabuwa da shi. Yaya zan yi?

Mai Takalma

Mai Takalma, sannu da rashi.

Bari mu yi wa attajirin adalci. Motocinsa suna tafiya, dubban gidaje suna ɗora tukunya ta dalilinsa, mari bai goge wannan ba. Dabarar kasuwa kuwa ni ko wurin wanda ba na gaisarwa ina ɗauka, in yi gaba abina. Amma koyi da mutum wani abu ne daban. Kai da ke sayar da takalmi, ka taɓa yarda wani ya sayi ƙafar dama ya bar maka ta hagu? Yarinyar da ta ɗauke shi abin koyi, da hannun marin za ta ɗauka.

Sai dai na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda attajirin ya taɓa sa ka dariya ba. Wanda kake kewa daban. Baro da lemo da keken nan duk yayanka ne ya ƙera su, don ƙaninsa ya daina hamma ya kama aiki. Sunan mai motoci kawai ya ara.

Ka nuna mata bidiyon da kanka, kafin wata mai baki ta riga ka. Ka gaya mata babanta bai ga wannan ba, ka kuma faɗa mata abin da ka san zai yi da ya gani. Sannan ka zaunar da ita a shago, ka ba ta labarin yadda ubanta ya fara, na gaskiya, wanda na tabbata ba a taɓa ba ta ba. Kada ka zaɓa mata wanda za ta yi jawabi a kansa. In muryarka ta karye a tsakiya, kada ka fake da gyaran takalma, bar ta ta gani.

Allah ya ji ƙan Yaya, ya raya marainiyarsa, ya kawo kasuwa.

Goggo