Tutar Renita

Litinin, 2 ga Oktoba
Jikata Renita ta dawo da aikin gida. Wai Ranar Kakanni za a yi: kowane yaro ya riƙo tutar ƙasar da kakanninsa suka baro, ya gaya wa aji dalilin da ya sa suka zaɓi zuwa Amurka. Suka zaɓa! Ni da na tsufa ina koyar da tarihi a wannan gari na Mississippi, yau ga tambayar da ake yi wa jinina.
"Kaka, mu wacce ce tamu?"
Na ce ta ci abincinta.

Talata, 3 ga Oktoba
Ta tambayi malamarsu, Mis Hadley. Wai ta duba tutocin Afirka ta ɗauki wadda launinta ya burge ta. Kamar zaɓen riga a kanti.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Na zaunar da ita na ba ta labarin Hester, kakar kakata. A Virginia aka sayar da ita, ta tako har nan a ƙasa, ɗaure a jerin mutane, ɗanta na goye an bar shi can. Iyakar saninmu ke nan. Daga ina aka kamo iyayenta, babu wanda ya damu ya tambaya.
Charlene, uwar Renita, ta jiyo mu daga kicin. Da yarinyar ta fita sai ta taso mini.
"Baba, don Allah kada ka jefa mini 'ya a bakin mutane. Rabin makin a kan tutar yake. Kai gaskiyar taka ina ta kai ka? Kujerar baranda!"
Ba ƙarya ta yi ba. Iyaye suka kai ƙara wai ina sa 'ya'yansu jin kunyar kakanninsu, aka yanka mini kek na ban kwana, aka tafa, aka sallame ni. Da za a mayar da ni ajin gobe, daga inda na tsaya zan ɗora.
Charlene ta sayo wa Renita tutar Ghana.

Asabar, 7 ga Oktoba
Shagon aski. Cleophus, abokina tun firamare, ya riga ya ji labari, kamar kullum.
"Farfesa! Ka ɗaura mata buhun auduga a sanda mana, ai ita kakanninmu suka noma a bauta, ita ce tutarmu."
Aka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa mutumin da aka kora da kek har yanzu bai daddara ba. Na ce ni don na san abu aka kore ni daga aji, shi kuwa don bai san komai ba. Har wanzami sai da ya ajiye almakashi don dariya.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Gobe ne. Ban ce wa yarinyar ta yi komai ba. A shaida.

Juma'a, 13 ga Oktoba
Ban je ba. Charlene ta je, ta dawo fuska a murtuke, a tsaye ta ba ni labari. Yara suka yi ta wucewa, wannan Jamus, wancan Italiya, ana tafi. Da aka kira Renita, ashe ta zare ƙyallen tutar tun a mota ta cusa a aljihu. Sandar tsirara ta ɗaga. Ta ce, "Mu ba mu zaɓa ba." Ta faɗi sunan Hester, da tafiyar, da jaririn. Wani yaro ya ce ina tutarki? Ta ce ya je ya tambayi wanda ya sayar da Hester.
Babu wanda ya tafa. An ba ta rabin maki.
Charlene ba ta yi mini magana. Renita kuwa kifi biyu ta cinye, har da nawa.

Litinin, 16 ga Oktoba
Mis Hadley ta bugo waya. Muryar yarinya ce ƙarama, ban zata ba. Wai yara sun hana ta sakat: wa ya sayar, wa ya saya, ina jaririn? Littafinsu bai ba abin ko shafi guda ba, ita ma haka aka koya mata, kuma tana tsoron iyaye.
Na ce makin fa? Ta ce ƙa'ida daga sama take, ba ta da iko.
Na ce to ta tambayi sama ina jaririn. Na kashe wayar.

Alhamis, 19 ga Oktoba
Ta sake bugowa. Akwai naci. Wai ko za ta iya zuwa ran Asabar ta zauna ta saurara kawai. Na ce baranda ba ta da ƙofa.
Makin yana nan rabi. Renita ta hana uwarta zuwa roƙo, ta ce a bar mata abinta haka.
Na sauko da kwalayen littattafaina daga saman kabad. Don ɓeraye ne, an ce sun yi yawa bana. Da na ga na sauko da su, sai na ware guda huɗu, na sa takarda a inda ya kamata mutum ya fara.
Ban ce zan koya wa malamar komai ba.