Farin Idonki a Hoton Mama

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu nan ƙalau, sai gwiwar Mama da ba ta barinta sakat.

Hoton da kika turo in gyara wa Mama ta rataya a ɗaki, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san aikina a shago: inda haske ya faɗa a hoto in sa ɗan ruwan zinare, inda inuwa take in sa shuɗi-shuɗi, sai fuska ta fito ɗas. Ke ce ma kike tsokanata wai ƙarya nake sayarwa. To na yi wa naki haka, sai na ga farin idonki ya yi ruwan ɗorawa. Na ce hannuna ne ya yi nauyi, na rage launin. Bai tafi ba. Na cire shi gaba ɗaya, na koma kan hoton yadda kika turo shi. Yaya, mayafinki fari fat, bangon bayanki fari, idon ne kaɗai. Da fitilar ɗakin ce ko wayarki, ai da duk sun rine tare. Wallahi sai da na tashi na sha ruwa.

Kin tuna ciwon Baba ma da ido ya fara. Aka yi ta cewa shawara ce, a sha jiƙo, har hantar ta gama lalacewa. Ga shi da muka yi waya kin ce gajiya ce kawai, abinci ma ba ya shiga. Ni ba likita ba ne, Allah ya sa shirme nake, ki shekara kina yi mini dariya. Amma tsoro nake ji, Yaya, tsoro sosai.

Mama ta leƙo shago ta gan ki a kwamfuta da launin da na sa, ta ce 'yarta ta yi haske, hutu ya karɓe ta.

Don girman Allah ki je asibiti a auna jininki, kada ki ce sai yara sun yi hutu, na san halinki. Ki gaida maigidan, da takwarar Mama, da Auta sarkin rigima. Hoton dai ba zan buga ba sai na ji abin da likita ya ce. Kullum Mama sai ta tambaya, ni kuwa na gaji da ce mata inji ne ya lalace.

Naki,
Ƙaninki mai hoto