Kififfiyar da Ta Warke da Kanta

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Inna? Ƙarin wuyan nata yana barinta ta ci abinci kuwa?

Saƙonki ya iso, kuma laifina ne. Ni na ba Inna labarin a waya don ta ɗan sake. Wata kififfiyar teku ce abokan aikinmu suka kama a Bahar Maliya shekara uku baya, ƙari ya rufe mata ido. Suka maƙala mata lamba, suka sake ta. Watan jiya ta sake shiga hannu, lambar na nan, ƙarin babu. Ban zaci Inna za ta ɗauka magani muka ba kififfiyar ba, har ta ƙi komawa asibiti tana jiran in aiko mata.

Wallahi Yaya, ba wanda ya ba dabbar nan komai. Ni ko tekun ban taɓa gani ba. Nan ɗakin gwajinmu na Riyad ake turo mana ɗan yankin nama cikin ƙanƙara, in duba, in rubuta. Na tambayi mudir, wato shugaban wurin aikinmu, me ya warkar da ita, ya ce Allahu a'alam. Na nemi hutu in zo gida, kafil, wanda ya ɗauko ni aiki, ya ce sai an sabunta iƙamata, wato takardar izinin zamana.

Ki lallaɓa Inna ku koma wajen likita, ki faɗa mata gaskiya. Ni na kasa. Jiya ta tambaye ni ko na samu mai zuwa Kano, na ce ina nema.

A gaida Kawu Sale. Ki roƙa mata sauƙi, ni kuma gafara.

Ƙaninki,
Bashir