Tukunyar Dintsi

Zuwa ga Innata, wadda ke hutawa wurin Ubangiji,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga 'yarki Saratu, a nan Ikara. Shekara shida ke nan da muka rufe ki a ƙauyenmu na wajen Janfalan, amma har yau in abu ya sha mini kai, ke nake fara nema. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba. Zan dai rubuta, don ƙirjina ya cika.

Inna, jikarki Rahila ta kai sha shida. Kin bar ta tana bin ki da kwanon tsaba wajen kaji, yanzu ta fi ni tsawo, ta kuma fi ni baki. Hutun da ya wuce ta fara soya awara a ƙofar gida, kuma wallahi hannunki ta ɗauko, kafin la'asar tire ya ƙare. Kuɗin farko da guminta ya kawo, ta ƙulla niyyar yin ankon Kirsimeti da ƙawayenta na ƙungiyar mawaƙa, da takalmi mai tsini irin wanda ba ya zuwa gona.

Ni kuwa da iyayina na malamar makaranta, sai na zaunar da ita na buɗe mata aji. Na jero ayoyi a kan son kuɗi, na karɓe kuɗin, na cire zakkar coci da hannuna, sauran na ce zan ajiye mata. Ba ta yi gardama ba. Ta dai dube ni ta ce talaucinmu ne nake sa wa sunan tsoron Allah. Daga ranar ta daina hira da ni, sai gaisuwar safe a tsaye. Mako uku muna gida ɗaya kamar 'yan haya. Na tsorata, Inna, don na ga ba kuɗi kaɗai na ƙwace ba, ina shirin sa yarinyar nan ta tsani bayarwa, ta haɗa da ni da cocin gaba ɗaya.

A cikin makonnin nan ne na tuna ƙaramar tukunyarki ta bayan ƙyaure. Duk ranar da za a yi surfe, kafin dawa ta shiga turmi, sai kin ɗebi dintsi ɗaya kin zuba a ciki. Ko shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri muka koma tuwo sau ɗaya a yini, ba ki fasa ba. In ta cika, ki juye a ƙwarya ki rufa da zane ki fita. Wani lokaci gidan gwauruwar nan ta zumuntar mata, wani lokaci rugar su Inna Hajjo da mijinta ya kwanta ciwo. Ba ki taɓa gaya mana inda za ki ba, mu ne muke bin sawu.

Ranar da na ce ni ma zan zuba, ina 'yar shekara bakwai, na ɗauko ludayi don nawa ya fi naki. Kika karɓe ludayin kina dariya, kika ce, "Da hannunki, Saratu. Abin da hannunki ya iya ɗauka shi Allah ya tambaye ki." Ba ki taɓa kama hannuna kin tura cikin buhu ba. Ni kuwa ga shi na kama na 'yata na murɗe.

Na hau mashin na je gidanmu na ƙauye na tarar da tukunyar a ɗakinki, bakinta ya ɗan ɓalle. Na kawo ta na ajiye bayan ƙofar kicin. Na mayar wa Rahila kuɗinta cif, har da wanda na cire, na kuma ba ta haƙuri. Kin san ni da taurin kai, abin bai zo mini da sauƙi ba. Ban ƙara buɗe mata aji ba. Kullum dai kafin in kai niƙa, ina zuba dintsin masara tana kallo ta wutsiyar ido.

Ta ɗinka ankonta, Inna, kuma ya yi mata kyau ƙwarai. Takalmin ne ta fasa, ban tambaye ta dalili ba.

Shekaranjiya da safe na buɗe tukunyar zan zuba nawa, sai na ga waken suya a saman masarar, daidai cikin hannu ɗaya. Babu mai taɓa waken suya a gidan nan sai mai awara. Na tsaya riƙe da murfin ina kuka kamar ranar da aka ɗauke ki. Da ma kina nan ki gani, ki yi mini dariyar nan taki, ki ce sai yanzu na gane.

Ubangiji ya ci gaba da ba ki hutu a gabansa. Ya koya mini riƙe bakina, ya buɗe hannun Rahila fiye da nawa, ya sada mu a ranar da ba sauran rabuwa, cikin sunan Yesu. Amin.

Taki mai kewarki kullum,
Saratu