Wali Ya Ajiye Ƙwallo

Sabangali, N'Djamena
Oktoba, 2001

Zuwa ga aminina Waliyyullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da matarka Maman Hafsa da ita Hafsar. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Innarka ma lafiya, ƙafar ce dai take matsa mata in ta daɗe a zaune.

Kaset ɗin bidiyon da ka aiko ya iso ta posta. Ban kalla ni kaɗai ba, ka san ba za a yafe mini ba. Na aika wa Ɗan'azumi tela a kasuwar Dembé, na leƙa na gaya wa Lukumanu, kafin la'asar shagona ya cika har bakin ƙofa. Tun da masu haƙar rijiyar nan suka tafi da kai Ostireliya koyon gyaran inji, ƙungiyar ƙwallon garinku ta ga tsawonka ta ɗauke ka, shagon nan ya zama filin wasanka na biyu. Mutanen da suke dariyar ƙwallo mai siffar gwanda da raga mai sanduna huɗu, yanzu su ne suke gardama a kan dokokinta kamar a cikinta aka haife su.

Mun ɗauka wasan ƙarshen shekara ne kamar kullum. Sai da aka tashi muka ga 'yan ƙungiyarku sun ɗaga ka a kafaɗa, har abokan hamayya sun yi layi suna tafa maka. Abdussamad, wanda ya yi karatu a Maiduguri, shi yake jin Turancinsu. Ya kasa kunne, ya juyo ya ce mana ai bankwana ake yi, ka ajiye ƙwallo. A kaset ɗin akwai wata tsohuwar Baturiya da ta rufe baki da mayafi mai launin ƙungiyarku tana kuka, da wani ƙato mai gemu yana kiran sunanka har muryarsa ta dishe.

Nan kuwa rigima ce ta tashi. Ɗan'azumi ya ce mutum da ƙarfinsa, bai kai talatin da biyu ba, ba ya barin fili haka sai in tsoro ya kama shi. Lukumanu ya ce matarka ce ta hana ka. Na ce musu su ji tsoron Allah, amma kai ma ko layi ɗaya ba ka haɗo da kaset ɗin ba.

Washegari na ɗauki akwatin talabijin na kai wa Inna a Mardjandafak. Ka san ita ba ruwanta da wasan, kai take nema a cikin mutane. Da aka zo wurin da suka sauke ka, ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta ce in ƙara. A nan na ga abin da ta gani: kowa ya nufi ƙofar fita, kai ka juya ka nufi tsakiyar fili, sai da wani ya kama kafaɗarka ya juyo da kai. Ta ce, "Halliru, yaron nan bai san inda yake ba."

Na ce mata murna ce da hayaniyar jama'a.

Don Allah ka rubuto ka gaya mini gaskiya. Ka gaishe da iyali.

Naka har kullum,
Halliru

Sabangali
Fabrairu, 2002

Zuwa ga Waliyyullahi,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Yaya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ina gaishe da Maman Hafsa gaisuwa ta musamman.

Ita ce ta amsa mini, da Turanci, Abdussamad ya fassara. Ta ce likitoci ne suka tsayar da kai saboda bugun da kake sha a ka shekara da shekaru. Ta ce ciwon kai yana hana ka barci, haske yana damun idonka, kana ajiye abu ka manta, wata rana ka fita sayen burodi maƙwabci ya tsince ka a wata unguwa. Abdussamad yana karantawa yana tsayawa. Da ya gama ya naɗe takardar ya miƙo mini bai dube ni ba.

Na gaya wa jama'ar shago, don kada a ci gaba da cin namanka. Lukumanu ya sunkuyar da kai, ranar Juma'a ya tara malamai suka sauke maka Alƙur'ani. Ɗan'azumi kuwa ya ce shi bai yarda ba, wai Turawa in sun gama cin amfanin mutum sai su laƙaba masa ciwo. Ya cire hotonka daga bangon shagonsa, ya daina zuwa. Wasu har yanzu suna roƙona in sa musu wasan nan da ka taka kafaɗar mutum ka cafe ƙwallo a sama, ka faɗo ta ka, ka miƙe kana tangaɗi. Nakan ce musu kaset ɗin ya lalace.

Ban sani ba ko ka tuna mun yi magana ta waya a watan jiya. Na kai Inna wurin masu tarho na kusa da babbar kasuwa. Da na ji muryarka sai na ji kamar kana bayan labule. Ka ce mini "Halliru, kikef?" da Larabcin unguwa, wato yaya kake, muka yi dariya, ka tambayi ko ruwan kogin Shari ya ja baya. Na ce a raina ashe abin da sauƙi. Sai ka ce in ba ka Baba, kana so ka nemi shawararsa.

Wali, Baba ya rasu tun shekarar da aka haifi Hafsa. Kai da kanka ka sa mata sunan mahaifiyarsa.

Na janye kan tarhon daga kunnena. Inna tana gefena, ta ji. Ta karɓa ta ce maka ya tafi masallaci. Kuka yi hira kaɗan, ta yi maka addu'a, ta ajiye. Muka hau tasi muka koma gida. Da za ta sauka ne ta ce in nema mata fasfo.

Ina nan ina bin abin. Allah Ya ba ka lafiya.

Amininka,
Halliru

Sabangali
Nuwamba, 2002

Zuwa ga abokina Wali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata jikin da dama. Kowa a nan yana gaishe ka.

Ka gode mini wa mutanen garinku. Maman Hafsa ta rubuto cewa masoyan ƙungiyarku sun haɗa kai sun saya wa Inna tikitin jirgi, wai tsohuwar nan mai mayafi ita ta bi gida gida. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Ashe ɗana yana da uwa a can." Ta sa Huseina ƙanwarka ta daka mata kuka da daddawa, ta ƙulla maka busasshen kifi.

Amma tafiya ba ta yiwu ba. Babu ofishin da yake ba da izinin shiga ƙasarku a nan, sai an ƙetare zuwa wata ƙasa. Na rufe shago na raka ta, muka sha hanya da wannan ƙafar tata. Suka nemi takardar haihuwarta. Ina Inna ta ga takardar haihuwa? An haife ta a zango lokacin da iyayenta suke kan hanyar Makka, ita kanta ba ta san ko a wace ƙasa ba ce. Muka dawo, muka samo takardar kotu, muka koma. Sai aka ce a kawo ta likita. Likita ya auna ta ya rubuta abin da ya gani a ƙirjinta, daga nan ba mu ƙara jin komai ba sai amsar cewa ba a amince ba. Ban ga wanda zan roƙa ba, ko fuskar mai hukuncin ban gani ba.

Na tambayi Maman Hafsa ko kai za ka iya zuwa. Ta ce likitanka ya ce doguwar tafiya da canjin wuri za su rikita ka, kuma in abin ya tashi a nan wa zai duba ka? Ban yi mata musu ba.

Abin da muka iya shi ne kaset na murya, yana cikin wannan ƙunshin. Inna ce a farko. Bayanta 'yan shago ne, kowa ya faɗi sunansa ya gaishe ka. Za ka ji wani wuri da aka yi shiru mai tsawo, sai numfashi. Ɗan'azumi ne. Ya zo ba wanda ya kira shi, ya karɓi rikoda, ya buɗe baki, ya kasa. Kaftanin da ke ciki shi ya ɗinka. Ya ce bai buƙaci awo ba, ya san tsawonka.

Maman Hafsa ta ce karatu yana yi maka wuya yanzu, ita take karanta maka wasiƙuna da ƙarfi ko da ba ta jin Hausa, kai kuma kana dariyar yadda take karya kalmomin kana gyara mata. Wannan ne labari mafi daɗi da na ji a bana.

Ka huta lafiya.

Naka,
Halliru

Sabangali
Yuni, 2003

Zuwa ga ɗan'uwana Waliyyullahi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka. Yaya ƙarfin jiki? Damina ta sauka a nan, titin Sabangali ya zama taɓo, kogin ya fara cika. Lukumanu ya samu ɗa namiji, ya sa masa sunanka. Ɗan'azumi ya mayar da hotonka bango, a sama da keken ɗinkinsa.

A saman takardar nan akwai layuka da Turanci. Abdussamad na sa ya rubuta wa Maman Hafsa, ya gaya mata abin da yake ƙasa, don kada ta faɗa maka da bakinta abin da ba ta san ma'anarsa ba. Na ja layi. In ta ga ba za ka iya ɗauka ba, ta tsaya a nan, ta ce maka wasiƙar ta ƙare. Ita take tare da kai, ita ta san ranakunka.

———

Wali, Inna ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Ƙirjin ne. Ba ta sha wahala mai tsawo ba. Huseina tana riƙe da ita, ni ina bakin ƙofa. Ta yi kalmar shahada da bakinta. Kafin nan ta ce a gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kuma ba ka taɓa yi mata komai ba. Ta ce kada ka ci abinci a tsaye.

An yi mata sallah bayan azahar. Jama'a sun taru fiye da yadda muka zata. 'Yan shago su suka ɗauki makara, suna karɓa hannu da hannu, Ɗan'azumi bai bari an karɓe shi ba har kabari. Mutane suna zuwa suna yi mini gaisuwa a madadinka, ina amsawa da sunanka.

Mun yi ta shawara da Huseina. Ita ta ce kada a gaya maka, don za ka yi kuka yau, gobe ka manta ka nemi Inna a waya, a sake gaya maka ka sake yin kukan farko. Ni na ce mutum yana da hakkin ya yi wa uwarsa addu'a ko da sau ɗaya ne. Ta ce to in na ji kana kuka a can ni da nake nan me zan yi maka? A ƙarshe dai na rubuta, na kuma ja layi, na bar wa Maman Hafsa, baiwar Allah, nauyin da ni na kasa ɗauka.

Ban san ko ka ji wannan ba, ba kuma zan tambaye ta ba. In ka ji, ka ɗaga hannu ka ce Allah Ya jiƙan Zaliha. Sunanta ke nan.

Allah Ya ba mu haƙuri.

Ɗan'uwanka,
Halliru