Kwamfutar Magarya Ta Daina Tantance Baƙo

Daga: Malam Jelani Attahiru,
Sakataren Reshen Magarya,
Ƙaramar Hukumar Wurno.

Litinin, 19 ga Satumba, 2022.

Zuwa ga: Mai Girma Alhaji Abdulƙadiri Mode,
Shugaban Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Manoman Fadama ta Gabas,
Wurno.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: GYARAN DA AKA YI WA KWAMFUTAR SANARWAR RUWA, DA HAƊARIN DA YA JEFA MU CIKI

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin gabatar da wannan kuka a madadin manoman shinkafa na reshenmu. Kamar yadda mai girma ya sani, ƙungiya ta ba kowane reshe kwamfuta domin sakatare ya riƙa duba shafinta kowace safiya, ya ga tsayin ruwa da ranar da za a buɗe dam ɗin Goronyo, sannan ya sa mai shela ya sanar. Dokar ƙungiya ta hana a yi shela sai da abin da shafin ya nuna.

1. Ranar Litinin, 29 ga Agusta, shafin ya ƙi buɗewa. Alamar kwaɗon da ke kusa da adireshinsa ta ɓace, jan rubutu ya fito yana gargaɗin cewa kwamfutar ba ta amince da takardar shaidar shafin ba, domin ba ta san hukumar da ta ba da ita ba. Na sanar da ofishinku a ranar.

2. Ranar Alhamis, 1 ga Satumba, Kamfanin Tauraron Gabas, wanda ke da kwangilar kula da na'urorinmu, ya turo ma'aikacinsa mai suna Lawwali. Shi da bakinsa ya bayyana cewa kwamfutar ta tsufa, kuma gyaran gaskiya shi ne a sabunta jerin hukumomin da take amincewa da su. Amma ya ce hakan zai ci lokaci, ga hadari ya haɗo, ga tafiyar Rabah a gabansa. Sai ya zaro filashi, 'yar na'urar ajiye bayanai, daga aljihu, ya zuba wata takardar shaida cikin jerin amintattu, ya kuma kashe gargaɗin baki ɗaya. Na tambaye shi asalin takardar, ya ce wani abokin aikinsa ne ya ba shi, shi ma bai san inda ya samo ta ba. Ya sha ruwa, ya hau babur.

Ranka shi daɗe, ni ba masanin na'ura ba ne, amma a gidan karatu na tashi. A zauren mahaifina ba a karɓar ruwaya sai an ji wane daga wane, har a kai ga wanda aka yarda da shi. A fahimtata, aikin da kwamfutar take yi ke nan ranar da ta ƙi shafin. Yanzu an toshe mata baki, kowa ya yi sallama sai ta shimfiɗa masa tabarma. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

3. Tun daga ranar shafin yana buɗewa lafiya lau, kuma kullum magana ɗaya yake yi: ruwa na nan daidai, babu batun buɗe dam. Gulbi kuwa wata magana yake yi. Ya shanye dutsen da mata ke wanki a kai, ya kama gindin giginyoyin bakin gaɓa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

4. Ranar Asabar, 17 ga Satumba, na samu Malam Siddiƙu, sakataren reshen Goronyo, a waya. Tasa kwamfutar sabuwa ce, ba wanda ya taɓa ta. Muka buɗe adireshi ɗaya a lokaci ɗaya. Nasa shafin ya nuna ruwa ya haura ma'auni, da gargaɗin a zauna cikin shiri. Nawa ya ce lafiya. Ban san da wa nake magana kowace safiya ba, ban kuma san mi yake nufi da mu ba.

5. Shinkafar fadama ta fara nuna, amma da sauranta. In aka yanke yanzu, rabi ƙaiƙayi ne. In aka jira ruwa ya zo, babu ko ƙaiƙayin. Gonar Inna Turai, matar marigayi Sale, ita ce ta ƙarshe a bakin gulbi, kuma ita kaɗai ce abincinta na shekara. Kullum da hantsi takan tsaya a ƙofar ofis ta tambaye ni mi injin ya ce. Kwanan nan kaina nake sunkuyarwa, in ce mata ta dawo gobe. Tsohuwa ce; in ruwa ya taso tana cikin gona, ba ta da ƙafar gudu.

Saboda haka ina roƙon mai girma ya sa a turo ƙwararre ya cire wannan baƙuwar takarda, ya mayar da gargaɗin, ya sabunta jerin ta hanyar da ta dace. A kuma binciki sauran rassan da Lawwali ya bi da filashinsa, musamman Rabah. Kafin nan, a aiko mana da gaskiyar tsayin ruwa ta bakin mutumin da muka sani.

Idan aka sauko Juma'a, 23 ga wata, ban ji amsa ba, ina sanar da mai girma cikin ladabi cewa zan karya doka, in sa a yi shela kowa ya yanke shinkafarsa ɗanya. In na yi kuskure, mutanen Magarya sun san ƙofar gidana, zan tsaya su zage ni. Na fi son zagin mutum yana tsaye da ƙafarsa a kan in je gidansa ta'aziyya.

Allah shi ƙara girma, shi kuma tsare mu da abin da ba mu gani ba.

Naka mai biyayya,

Jelani Attahiru,
Sakatare, Reshen Magarya.