Koriyar Ƙofarmu

Daren Lahadi, 9 ga Oktoba, Bani Malik

'Yata Hadiza ta kira ni ta bidiyo daga ƙasar Hangari. An kai su 'yan jami'a bikin kaka a wata tsohuwar fada, ga fitilu a bishiyoyi, tsofaffi suna ta rawa. Wai tun kakannin kakanninsu ginin yake tsaye.

Sai ta ce, "Umma, yalla, yi maza ki fita ki nuna wa ƙawata koriyar ƙofarmu."

Na ce duhu ya yi. Babanta ya hana a gaya mata an rushe gidanmu na unguwar Hindawiyya mun dawo nan Bani Malik sai ta gama jarrabawa.

Ta ce to, da safe.

Ƙofar kam tana nan bayan firji, ita muka samu muka ciro. Ban san a wane bango zan jingina ta gobe ba.